Allura ko Na'ura: Hanyoyi Biyu na Sanin Halin da Hanta Take Ciki

Hanta gaɓa ce mai haƙuri. Takan shafe shekara ashirin ko talatin ana yi mata ɓarna ba ta yi ƙorafi ba. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa gona ko kasuwa, yana aurar da 'ya'ya, alhali a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama tabo yana hawa kan tabo. Sai ranar da shawara ta bayyana a ido, ko ciki ya cika da ruwa, ko ƙafafu suka kumbura, ko aka wayi gari da aman jini, sannan dangi su ɗauke shi su nufi asibiti. A wannan lokacin kuwa, sau da yawa aikin gama ya gama. Shi ya sa idan aka gano mutum yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta, tambayar da ta fi damun likita ita ce: ina ɓarnar ta kai? Amsarta ce take nuna wanda zai fara shan magani yau, da wanda za a ci gaba da sa masa ido, da wanda yake dab da bakin rami bai sani ba.

Maganar ba ta mutane ƙalilan ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da cutar hanta nau'in B, wasu miliyan 50 kuma nau'in C, sannan cututtukan biyu sun yi ajalin kusan mutum miliyan 1.3 a wannan shekarar kaɗai. A Najeriya, binciken da aka yi gida-gida a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna da nau'in B. Ke nan a cikin manya goma sha biyu da suka zauna hira, da wuya a rasa ɗaya, kuma yawancinsu ba su san suna da ita ba.

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara wajen amsa wannan tambaya. Ta farko tsohuwa ce: a soka allura a ɗebo ɗan tsokar hanta a duba shi a ɗakin gwaje-gwaje, abin da likitoci suke kira bayofsi. Ta biyu sabuwa ce: a ɗora na'ura a kan fata ta auna taurin hantar daga waje, wato elastogirafi, wadda na'urar FibroScan ta fi kowace suna a cikinta. Duka biyun ta wuri ɗaya suke bi, tsakanin haƙarƙari ta gefen dama, majinyaci yana kwance rigingine ya sa hannun dama a bayan kai. Amma abin da kowacce take gani, da abin da take nema daga majinyaci, da irin kuskuren da take yi, sun sha bamban.

Tsohuwar hanya

Tun a 1883 likitan nan na Jamus, Paul Ehrlich, ya soka allura ya tsotso ɗan abu daga hanta. Sai dai aikin ya daɗe yana da haɗari, domin muddin allura ta jima a ciki majinyaci yana numfashi, hantar tana motsi sama da ƙasa, tana iya yagewa. A 1958 ne likitan Italiya Giorgio Menghini ya fito da dabarar da allura take shiga ta fito cikin kamar daƙiƙa ɗaya, kuma daga nan aikin ya bazu a asibitocin duniya.

Yadda ake yinsa a yau bai yi nisa da hakan ba. Za a fara gwada jinin majinyaci a tabbatar yana daskarewa yadda ya kamata. Za a duba ciki da na'urar hoto a zaɓi wurin da za a shiga, a yi allurar kashe zafi, a ce ya riƙe numfashi, sannan a soka a zare. Abin da yake fitowa siririyar tsoka ce mai tsawon santimita biyu ko kusa da haka. Majinyaci zai kwanta a kan gefensa na dama don nauyin jikinsa ya danne wurin, ma'aikatan jinya suna auna bugun jininsa na tsawon sa'o'i. Shi kuwa ɗan tsokar za a jiƙa shi a magani, a daskarar da shi cikin kaki na musamman, a yanka shi falle-falle, a rina shi, sannan ƙwararren likitan da ya karanci cututtukan tsoka ya duba shi da madubin ƙara girma. Sakamako yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

Ƙarfin wannan hanya shi ne abin da Hausawa suka ce, gani ya kori ji. Likita yana ganin ƙwayoyin hantar da idonsa. Yana ganin inda tabo ya fara da inda ya miƙa, ya sa shi a mataki daga sifili zuwa huɗu bisa ma'aunin da likitocin Faransa suka tsara mai suna METAVIR, inda sifili yake nufin babu tabo, huɗu kuma hanta ta ƙandare. Yana ganin ko kumburi yana ci gaba da cin ta ko ya lafa. Yana ganin kitse, ko ƙarfe da tagulla da suka taru fiye da kima, ko alamun cewa garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙar hantar, ko sawun guba daga wani magani, ko tarin fuka da ya ɓuya a ciki, ko ƙwayoyin cutar kansa. Allura tana faɗin sunan cuta, tana kuma faɗin girmanta.

Amma tana da rauni uku manya. Na farko shi ne ƙanƙantar abin da take ɗebowa. Hantar babban mutum takan kai kilo ɗaya da rabi, abin da allura take fitarwa kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin 50,000 na wannan. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san yadda ake caka ƙarfe mai rami a buhu a zazzago 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Idan buhun bai ɗaya ne, tafin hannun ya faɗi gaskiya. Idan kuwa ƙwari sun ci gefe ɗaya sun bar ɗayan, to hukuncinka ya dogara da inda ƙarfen ya faɗa. Tabon hanta ma ba ya bazuwa daidai wa daida. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2002, an ɗebi tsoka daga ɓangaren dama da na hagu na hantar mutum 124 masu nau'in C, sai aka tarar a kusan kashi ɗaya cikin uku sakamakon ɓangarorin biyu ya bambanta da aƙalla mataki ɗaya. A 2003 kuma Pierre Bedossa da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa tsoka mai tsawon milimita 15 tana ba da matakin da yake daidai a kashi 65 cikin ɗari ne kawai, mai milimita 25 kuma a kashi 75. A kan wannan a ƙara da cewa ƙwararru biyu suna iya duba yanka ɗaya su saɓa.

Rauni na biyu shi ne haɗari. Hanta cike take da jini. Da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin sukan ji zafi a wurin ko a kafaɗar dama, kaɗan sukan zubar da jini a ciki har a nemi ƙarin jini ko tiyata, kuma ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin kusan 10,000 yana rasa ransa. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya sa mai lafiya a zahiri, wanda ba ya jin ciwon komai, ya ce a bar shi tukuna. Abin takaici kuma, wanda hantarsa ta fi lalacewa shi ne wanda jininsa ba ya daskarewa da kyau, don haka shi ne allurar ta fi yi wa haɗari. Irin wannan sai an bi ta jijiyar wuya da siririn bututu, aikin da sai manyan cibiyoyi.

Na uku shi ne buƙatunta. Tana son gado, da likitan da hannunsa ya faɗa, da jini a ajiye don ko-ta-kwana, da ɗakin gwaji, da ƙwararren mai duba tsoka. Ba abu ne da za a yi wa miliyoyin mutane ba, kuma ba abu ne da za a maimaita wa mutum ɗaya kowace shekara ba.

Sabuwar hanya

Tunanin da aka gina elastogirafi a kansa ya girmi allura nesa ba kusa ba. Tun zamanin Girkawan dā, Hippocrates ya lura cewa idan mai shawara hantarsa ta yi tauri, alama ce marar kyau. Har gobe likita yakan danna ƙarƙashin haƙarƙari da yatsunsa ya ce majinyaci ya ja numfashi, yana neman jin ko gefen hantar da laushi ko da tauri. Lafiyayyen nama yana da taushi, tabo da ƙari kuwa suna da tauri. Matsalar ita ce yatsu ba sa kaiwa can ciki, kuma abin da hannu ya ji ba a iya rubuta shi da lamba. Hoton ciki na yau da kullum, wanda mata masu juna biyu suka saba da shi, yana nuna siffa da girma, amma hanta tana iya tara tabo mai yawa hotonta bai canza sosai ba.

A 1991 Jonathan Ophir da abokan aikinsa a Jami'ar Texas da ke Houston suka bayyana hanyar danna nama a hankali tare da amfani da sautin da ya fi ƙarfin jin kunne don ganin yadda yake lotsawa. A 1995 masu bincike a asibitin Mayo a ƙarƙashin Richard Ehman suka nuna ana iya ganin girgizar da take ratsa nama da babbar na'urar hoto ta MRI. A birnin Paris kuma, a ɗakin binciken Mathias Fink, aka haɓaka dabarar aika girgiza guda ɗaya a bi sawunta. Ɗaya daga cikin ɗaliban wurin, Laurent Sandrin, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Echosens a 2001, wanda ya fitar da FibroScan a 2003. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da ita ba sai a 2013, lokacin da ta riga ta zama kayan aikin yau da kullum a Turai.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Ma'aikaci zai shafa ɗan man hoto a tsakanin haƙarƙari, ya ɗora kan na'urar, ya danna maɓalli. Majinyaci zai ji kamar an ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa. Wannan bugun yana aika girgiza mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ta ratsa cikin hanta, a lokaci guda kuma na'urar tana aika sauti mai tsananin gudu yana bin girgizar yana auna saurinta. A nama mai taushi girgizar takan tafi a hankali, kamar mita ɗaya da ɗan wani abu a daƙiƙa. A nama mai tauri kuwa gudunta yakan ninka. Daga saurin ne na'ura take lissafa tauri, ta ba da shi da ma'aunin kilofaskal, daga wajen 2 har zuwa 75. Lafiyayyar hanta takan tsaya a kusa da 5. Ana maimaita awon sau goma a ɗauki na tsakiya, kuma idan sakamakon goman ya warwatse da yawa ba a yarda da shi. Cikin minti goma an gama, majinyaci ya saki rigarsa ya tafi harkarsa da amsa a hannu.

Yankin da take aunawa yana da faɗin kamar santimita ɗaya da tsawon santimita huɗu, wanda ya ninka abin da allura take ɗebowa kusan sau ɗari. Babu yanka, babu jini, babu kwanciya. Ma'aikaciyar jinya da aka horar tana iya yi. Sababbin na'urorin suna auna yawan kitsen hanta a lokaci guda, abin da yake ƙara muhimmanci yanzu da ƙiba da ciwon sukari suke yaɗuwa a biranenmu. Kuma akwai masu ɗan ƙaramin jiki da ake ɗauka a hannu a kai su inda jama'a suke.

A kan sikeli

Idan aka tsaya a nan, sai a ce an gama magana, na'ura ta kori allura. Gaskiyar ta fi haka zurfi.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne na'urar tauri take aunawa, ba tabo ba. Yawanci tabo ne yake kawo taurin, amma ba shi kaɗai ba. Hantar da cuta ta taso mata da zafi, ta kumbura, takan yi tauri na ɗan lokaci ko da babu tabo. Haka idan zuciya ta gaza jini ya taru a hanta, ko hanyar maɗaci ta toshe, ko mutum ya sha giya da yawa a kwanakin. Ko cin abinci yana ɗaga lambar, domin jini yana kwarara zuwa hanta bayan an ci, shi ya sa ake cewa a zo bayan aƙalla sa'a uku ba a ci komai ba. Wanda ya karanta lambar bai dubi sauran gwaje-gwajen jini ba yana iya gaya wa mai hanta lafiyayya cewa tasa ta ƙandare, ya jefa gida guda cikin zullumi babu dalili. Allura ba ta faɗawa wannan tarkon, domin tana rarrabe kumburi da tabo ƙarara.

Na biyu, ba kowane jiki na'urar take iya karantawa ba. Irin girgizar da take aikawa ba ta ratsa ruwa, don haka wanda cikinsa ya tara ruwa ba a samun awo a jikinsa. Mai ƙiba sosai ma kitsen da ke ƙarƙashin fata yana tare hanya. A wani babban bincike da Laurent Castéra da abokan aikinsa suka buga daga Bordeaux a 2010, wanda ya tattara awo sama da 13,000, an kasa samun sakamako ko an sami wanda ba a dogara da shi a kusan ɗaya cikin biyar, kuma manyan dalilan su ne ƙiba da ƙarancin gogewar mai awon. An rage wannan matsala da ƙera wani kan na'ura na musamman don masu jiki, amma darasin yana nan: na'ura mai kyau a hannun da bai ƙware ba lamba kawai take fitarwa.

Na uku, ƙwarewarta ta fi yawa a gefe biyu na ma'auni. Idan lambar ta yi ƙasa sosai, likita yana iya cewa da ƙarfin zuciya hantar nan ba ta ƙandare ba. Idan ta yi sama sosai, da wuya a ce lafiya. A tsakiya ne ake samun cakuɗewa, inda mataki na ɗaya da na biyu da na uku suke shiga juna. Sai dai a nan akwai adalcin da ya kamata a yi mata. Da sakamakon allura aka gwada ta aka tsara iyakokinta, alhali mun ga ita allurar ma tana kuskure. Idan suka saɓa, ba kullum na'urar ce mai laifi ba.

Na huɗu, na'urar ba ta faɗin dalili. Za ta ce hanta ta kai 14, amma ba za ta ce ƙwayar cuta ce ta jawo ba, ko kitse, ko garkuwar jiki, ko wani jiƙo da aka daɗe ana sha. FibroScan kuma ba ta nuna hoton ƙari. Wanda hantarsa ta ƙandare dole ya riƙa yin hoton ciki duk wata shida don neman cutar kansa tun tana ƙarama, ko da lambarsa ta sauka. Wanda aka yi wa dashen hanta ake zargin jikinsa yana ƙin ta, ko wanda gwajin jininsa ya ƙi daidaita aka rasa dalili, ko wanda aka ga wani ƙulli da hoto bai fayyace ba, har yanzu allura ce mai raba gardama.

Amma akwai fagen da na'ura ta yi wa allura fintinkau, shi ne lokaci. Cutar hanta tafiya ce ta shekaru, kuma abin da likita yake son sani shi ne inda aka dosa. Babu wanda zai yarda a riƙa soka masa allura a hanta duk shekara, amma kowa zai yarda da bugun yatsa na minti goma. Wannan ya ƙara daraja tun da aka gane tabon hanta yana iya ja da baya. A binciken da Patrick Marcellin ya jagoranta, wanda aka buga a 2013, an bi masu nau'in B da suka sha maganin tenofovir shekara biyar, sai aka tarar cikin mutum 96 da suka fara da ƙandararriyar hanta, 71 sun fita daga wannan matakin. Da allura aka tabbatar da wannan albishir, amma da na'ura ake bin sawunsa a jikin dubban majinyata a yau. Haka kuma lambar tana hango haɗarin da ke tafe. A taron ƙwararru na Baveno a Italiya a 2015 an amince cewa wanda taurin hantarsa bai kai 20 ba, kuma ƙwayoyin daskarar da jininsa sun haura 150,000, ana iya ɗage masa zura bututun kyamara ta maƙogwaro don neman kumburarrun jijiyoyi masu jawo aman jini. Wannan sauƙi ne babba ga majinyaci da aljihunsa.

Ba FibroScan ce kaɗai a fagen ba. Yawancin sababbin na'urorin hoton ciki suna zuwa da fasahar auna tauri a jikinsu, inda ma'aikaci yake ganin hantar ya zaɓi wurin da zai auna, kuma wannan nau'in yana aiki ko da akwai ruwa a ciki. Da shi ake taimaka wa likita wajen tantance ƙulli a nono ko a maƙoshi, domin ƙarin cutar kansa yakan fi naman da ke kewaye da shi tauri. Nau'in MRI kuwa yana zana taswirar taurin hanta kusan gaba ɗayanta, ya fi sauran daidaito, sai dai tsadarsa ta sa ya tsaya a manyan cibiyoyi.

Inda abin ya shafe mu

A ƙasashen da likitan hanta ɗaya yake ɗauke da nauyin jama'a masu ɗimbin yawa, wannan kwatanci magana ce ta rai da mutuwa. Idan aka ce sai an yi allura kafin a ba da magani, an rufe ƙofa ke nan ga kusan kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fahimci haka tun a ƙa'idojinta na 2015, inda ta ba da shawarar amfani da hanyoyin da ba sa buƙatar yanka. A sababbin ƙa'idojin 2024 ta sassauta sharaɗin: mai nau'in B da taurin hantarsa ya haura 7 ya cancanci fara magani, wanda ya haura 12.5 kuma a ɗauke shi a matsayin mai ƙandararriyar hanta. Inda babu na'ura, akwai lissafin APRI, wanda ake fitarwa daga gwajin jini guda biyu masu arha da yawancin manyan asibitoci suke yi. Bai kai na'ura daidaito ba, amma da babu gara ba daɗi.

An gwada wannan tsari a Afirka ta Yamma. A Gambiya, shirin PROLIFICA da aka fara a 2011 ya bi unguwanni da ƙauyuka yana gwada jinin jama'a, ya sami kashi 8.8 cikin ɗari suna da nau'in B. Kusan takwas cikin goma na waɗanda aka gano sun amsa gayyata sun zo an auna hantarsu da FibroScan tare da gwajin jini, kuma ƙasa da kashi 5 cikin ɗari ne suka buƙaci magani nan take bisa ƙa'idar wancan lokacin. Da allura aka ce za a bi, da an wahalar da ɗaruruwa don a gano 'yan kaɗan, idan ma sun yarda sun zo.

Sai dai yankinmu yana da nasa abubuwan da mai riƙe da na'ura zai kiyaye. Nau'in tsargiya mai kama hanji, wanda ake ɗauka a ruwan gulbi da tafki da gonakin rani, yana sa tabo a kewayen jijiyoyin hanta ya bar sauran naman kusan yadda yake. Irin wannan majinyaci saifarsa tana iya girma, ya yi aman jini, alhali lambar taurinsa ba ta yi sama kamar ta mai ƙandararriyar hanta ba. Hoton ciki ne yake kama shi, kuma tsarin da duniya take bi wajen karanta wannan hoton a birnin Yamai aka tsara shi, a taron ƙwararru na 1996. Ga kuma gubar afulatokzin da take fitowa daga gyaɗa da masara da suka yi funfuna a ajiya. Idan ta haɗu da nau'in B tana ninka haɗarin kansar hanta, kuma kansar nau'in B tana iya tasowa tun hanta ba ta ƙandare ba. Saboda haka lamba mai kyau ba izini ba ce a daina zuwa asibiti.

Akwai kuma maganar kuɗi da amana. Na'urar tana da tsada a saye, kanta yana buƙatar a riƙa daidaita shi lokaci-lokaci, kuma yawancin waɗanda ake da su suna manyan birane. Sauƙin aikinta ma yana iya zama fitina, idan aka mayar da ita hanyar karɓar kuɗi: a auna wanda ya cika ciki da abinci, a miƙa masa takarda mai lamba ba bayani, ya fita a firgice ya faɗa hannun masu sayar da jiƙe-jiƙen wanke hanta, waɗanda wasunsu su ne suke ƙarasa ta. Awon da ba a haɗa shi da likitan da zai fassara shi da maganin da za a samu ba, rabin aiki ne.

Hukunci

Idan aka ɗora su biyun a sikeli, ina ganin amsar a fili take. Ga mafi yawan masu cutar hanta, waɗanda an riga an san sunan cutarsu daga gwajin jini, abin da ya rage shi ne a san inda ta kai da inda ta nufa, na'urar auna tauri ita ta cancanci zama matakin farko, domin ba ta da haɗari, tana da sauri, ana maimaita ta, kuma tana iya zuwa inda allura ba za ta taɓa zuwa ba. Ga 'yan kaɗan da aka rasa gane kan ciwonsu, ko sakamakonsu ya ci karo da juna, ko ake zargin cuta biyu a hanta ɗaya, allura tana nan da matsayinta, kuma bai kamata tsoro ya hana wanda likita ya ba shawarar yinta ba. Asibitin da yake son yi wa jama'a adalci yana buƙatar na'ura a kusa da mutane, da kuma hanyar tura waɗanda suka cancanta zuwa inda ake yin allura da kyau.

Kira na ga gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni shi ne su dubi wannan na'ura a matsayin kayan aikin da ya dace da kowane babban asibiti, su haɗa ta da horar da ma'aikata da samar da magani mai rahusa. Kai kuma mai karatu, duka hanyoyin nan biyu ba sa amfanar wanda bai san yana ɗauke da cutar ba. Ka je a gwada jininka, ka kai iyalinka. Idan ba ka da ita, ka karɓi rigakafi, ka kuma tabbatar an yi wa duk jaririn da aka haifa a gidanka allurar nau'in B cikin sa'a 24 da haihuwa. Idan kana da ita, ka nemi a auna hantarka tun kana jin ƙarfin jikinka, ka je ba ka ci abinci ba, ka kai sakamakon wurin likita, kuma ka koma duk lokacin da ya sa maka.